A Ƙara Wa Ƙwaƙwalwa Wuta

Masu turo min saƙo suna tambayar ko lafiya na yi shiru kwana biyu, ga ni na fito. Amma don Allah kada wanda ya sake yi min maganar lafiya, domin ita ce ta jefa ni cikin halin da nake ciki. Wanda bai san ni ba, ni ce ƙaramar gidanmu, Auta ake kirana. Sana'ata haɗa bidiyon talla ga masu shaguna: a kawo min hoton takalmi ko turare, in yanka, in jera, in sa masa sauti, har mai shagon ya ji kamar ya sayi kayansa da kansa. Akwai kuma wanda nake so, Safiyo, mai awon filaye, wanda manyansa ke shirin zuwa wajen Abba ƙarshen makon nan. Duk abin da za ku karanta a ƙasa, ku riƙe wannan a ranku: ban shirya rasa mutumin nan ba.

Tsohuwar kwamfutata ta daɗe tana nishi, in na ɗora mata bidiyo sai ta yi zafi kamar dutsen guga. Da na ce zan canza, Safiyo ya ce, "Ki sayi haɗaɗɗiya kawai ki huta."

Na harare shi. "Ni da na koyi gyara da hannuna? Ɗaya bayan ɗaya zan sayo kayan in haɗa abata."

"To, Injiniya, Allah ya ba da sa'a," ya ce, yana wannan murmushin nasa na gefen baki da ke sa in ji kamar in make shi, in kuma ji kamar kada ya tafi.

Na kuwa haɗa. A kan kafet ɗin ɗakina na baje komai, kusoshi a cikin faranti, kwalaye har bakin ƙofa, Umma tana wucewa tana tsaki. Baƙar akwati ce mai gilashi a gefe, da fankoki masu fitila a gaba. Ranar da na danna ta tashi, sai da na yi rawa ni kaɗai a tsakar ɗaki. Na ɗauki hoto na tura masa, ya rubuto, "Na sara miki." Kalmomin nan na karanta su har suka kusa gogewa.

Jama'a, daɗin bai je ko'ina ba. In ina rubutu ko kallo, lafiya lau take tafiya. Amma da zarar na ce ta fitar da bidiyon da na gama haɗawa, sai ta ɗauka da ƙarfinta, ta kai rabi, allo ya koma shuɗi fes da ƴan rubuce-rubuce farare, ta mutu, ta sake tashi kamar ba ita ta yi ba. Babu abin da ban gwada ba. Na goge komai na sake zubawa. Na duba zafi, ba zafi. Na cire wayoyi na mayar har farcena ya karye. Daga ƙarshe zargina ya tsaya a kan ram, sanduna biyun nan da kwamfuta ke riƙe aikin da take cikin yi a kansu. Ni da ƙawata Tabarau ƙwaƙwalwa muke kiran ram tun muna koyon aiki, saboda malaminmu haka yake kiransa. In na cire sanda ɗaya, sai ta ɗan ƙara nisa kafin ta faɗi. In na mayar, ta koma halinta.

Shin na faɗa wa Safiyo? Ku ma kun san amsar. Bayan cika bakin da na yi? Shi a lokacin yana can daji suna awon wata hanya, sai ya hau tudu yake samun sabis, saƙonninsa su shigo a tare kamar tumaki sun dawo kiwo.

"Injiniya, kin yi shiru."

"Kaina ne ya ɗan ɗau zafi," na rubuta.

"Kina barci kuwa?"

"Ba sosai ba."

"Me ke damun ki?"

"Wani abu ne. In ya wuce zan faɗa maka."

Ni a ganina ban yi ƙarya ba, ban kuma zubar da ajina ba.

A gida kuwa Umma ta sa ni gaba. Rannan da safe ta turo ƙofa da yadi a hannu, ruwan zuma mai ƙananan furanni, ta same ni a durƙushe kaina cikin akwatin kwamfuta, ɗankwali ya zame, rigar barci har lokacin a jikina.

"Auta, tela ta gaji da jiran awonki. Mutane za su zo gidan nan, ke kina nan kina tonon ƙarfe. Dubi idonki yadda ya faɗa."

"Umma, yanzu zan gama."

"Tun yaushe kike yanzu? Uwar yaron nan fa tsohuwar nas ce, kallo ɗaya za ta yi miki ta ce ba ma ba ki abinci."

Ta ajiye yadin a kan gado ta fita. Gaskiyarta ce, mahaifiyar Safiyo ta yi aikin asibiti har ta yi ritaya, kowa Sista yake kiranta, har shi ɗan nata. Sau ɗaya na taɓa gaishe ta, na fito da sauri kamar an kore ni, alhali ba ta ce min komai ba sai "Allah ya yi albarka".

Ga kuma Gwaggo, yayar Abba, ta zo tun farkon mako don ta taya Umma shiri. Gwaggona mace ce mai zuciya kamar auduga, sai dai kunnenta ya fi na kowa aiki, kuma damuwa ba ta kwana a cikinta. Ita da Sista sun san juna tun suna ƴanmata. A ranar tana zaune a barandar da ke bayan tagata tana ninke wanki, ni ban ma san tana wurin ba, lokacin da na kira Tabarau.

"Yau ma haka," na ce. "Ina cikin aiki sai komai ya ɗauke ɗif. Kafin in farga, abin da na yi duk ya tafi."

"Kin duba zafi?" ta tambaya.

"Ba zazzaɓi ba ne," na ce, don mu haka muke tsokanar juna in na'ura ta yi zafi. "Ƙwaƙwalwar ce, na tabbata. Da aiki ya yi nauyi sai ta kasa riƙewa."

"Tsaya. Da kika haɗa, kin taɓa gudun ram ɗin a bayos?"

Bayos shi ne shafin saitin da ake shiga kafin kwamfuta ta gama tashi. Na ce mata ƙwarai, na ɗaga shi zuwa abin da aka rubuta a kwali.

"Wutar fa? Kin ɗaga ta ita ma?"

"A'a," na ce.

"Auta, kin sa shi gudu kin hana shi abinci. Ki duba jikin sandar, akwai adadin wutar da yake so. Ki ƙara masa."

"A ƙara wa ƙwaƙwalwar wuta? Wallahi tsoro nake ji. In ta ƙone gaba ɗaya fa? Na ga wadda aka yi wa haka, ba ta sake tashi ba."

"In kin tsaya a abin da aka rubuta babu abin da zai faru. Ko in tambayi Safiyo ya ba ki ƙarfin gwiwa?" Tana dariya.

"Ke, kada ki kuskura. Ba na so ya sani. A bari a wuce zuwan manyansa tukuna."

Na ajiye waya. Daga baranda na ji kamar kwandon wanki ya faɗi, ban kawo komai a raina ba.

Ba a jima ba Gwaggo ta shigo da kofin shayi, abin da ba ta taɓa yi ba, don ita a wajenta yaro ne ke kai wa babba. Ta dafa goshina. Ta leƙa cikin idona.

"Auta, kin gane ni?"

"Gwaggo, wane irin kin gane ni?"

"A'a, babu komai, ƴar nan. Sha shayinki."

Da za ta fita na ga ta ɗauke almakashin da ke kan teburina ta soke a cikin zaninta. Na ce a raina wataƙila zare za ta yanke. Can na jiyo ta tana ce wa Umma a daina ɗaga min murya, sai kuma ƙarar ƙofar gida, ta yafa mayafinta mai ruwan toka wai za ta dubo wata ƙawarta. Da ina da hankalin da ake ta magana a kansa, da na bi ta da gudu. Ni kuwa ina can ina haska jikin sandar ram da fitilar waya.

Ga shi nan ɓaro-ɓaro a kan ƴar takardar da aka manna: ɗaya da ɗigo uku biyar. Na kunna kwamfuta na shiga bayos, na gangara har layin wutar ram. Ɗaya da ɗigo biyu. Tun ranar da na haɗa ta haka take, na ɗaga gudu na bar wuta yadda ta zo. Na ji kunya ta kama ni, ni kaɗai a ɗaki.

Na kai hannu zan rubuta, na janye. Na tashi na leƙa taga, na dawo. Na gyara yadin da ke kan gado wanda babu abin da ya same shi. Na sake duba takardar, ko idona ne ya ƙara lamba. In ɗigon nan ya goce wuri ɗaya, sai dai in ji ƙauri. Na yi bisimilla, na danna lambobin ɗaya bayan ɗaya, na karanta su da ƙarfi kamar ƴar aji ɗaya, na adana.

Allo ya yi baƙi. Fankoki suka ɗauki kuka, suka yi shiru, suka sake ɗauka. Na kai hanci kusa da gilashin ina shinshinawa. Sai ga haske ya dawo.

Tabarau ta rubuto, "Kada ki yi murna tukuna. Ki sa mata gwajin ƙwaƙwalwa, ki bar shi ya zagaya har ƙarshe. Jan rubutu na kuskure ko ɗaya kika gani, da saura."

Na sa gwajin. Na rufe bakin wayata na kife ta a ƙarƙashin filo, don na san kaina, in tana kusa zan yi ta damun Tabarau. Na zauna a ƙasa na jingina da gado ina kallon layin yana rarrafe. Na ci farce, na tsefe kitso ɗaya na sake kitsawa, na shanye shayin Gwaggo da ya huce. Rana ta bar tagata ta koma bangon maƙwabta. Gwajin ya kai ƙarshe babu ja ko ɗaya.

Na ɗora mata bidiyon nan da ya fi kayar da ita, tallar wani shagon labule. Ta ɗauka, ta kai rabi, na rufe ido ɗaya. Ta wuce. Ta kai ƙarshe ta tsaya cak, bidiyo ya fita sumul. Daɗin da na ji ba zai faɗu ba, na ce yau Safiyo zai ji labari daga farko, tunda yanzu labarin nasara ne. Na zaro waya daga ƙarƙashin filo.

Kiransa ne jere a allon, sai da na ja da yatsa kafin in ga ƙarshensu. Ga saƙon murya guda biyu. Na farko gajere ne: "Auta, don Allah ki ɗaga." Bai ce Injiniya ba. Na biyun na saurare shi a tsaye, iska tana kaɗawa a bayan muryarsa.

"Auta, Sista ta kira ni. Gwaggonki ta je wajenta neman shawara, wai ƴar wata maƙwabciya ce ƙwaƙwalwarta ke ɗaukewa tana cikin aiki, an ce sai an sa mata wuta, ita kuma tana tsoro. Sista ta yi mata tambaya biyu, Gwaggo ta fashe da kuka ta faɗi ko wace ce. Ta ce da kunnenta ta ji kina cewa kada in sani."

Na ji yana jan numfashi.

"Da farko ban yarda ba. Sai na tuna saƙonninki, kai yana zafi, ba barci, wani abu da za ki faɗa min in ya wuce. Me ya sa kika ɗauki wannan ke kaɗai? Kin zaci guduwa zan yi? Ki saurare ni da kyau. Sista ta tambaye ni ko na sani. Na ce mata na sani tun farko, ke kika faɗa min da bakinki, na kuma ce na ji na gani. Ta ce in rantse, na ce ba sai na rantse ba, ta san ban taɓa yi mata ƙarya ba. Kin san halinta, ciwo ba ya ba ta tsoro, amma ƙarya ba ta haɗiye ta. In ta gane an ɓoye mata wani abu, ni ko ke, ba za ta bari kowa ya tako gidanku ba. Don haka in ta tambaye ki, ki ce kin faɗa min. Sauran ki bar min. Ko wace irin wuta za a sa, ina riƙe da hannunki."

Ƴan uwa, ban san lokacin da na zame na zauna ba. Dariya ta taho min, kuka ya biyo ta. Na dawo da maganganuna na waya ɗaya bayan ɗaya, na cire muryar Tabarau, na saurare su da kunnen Gwaggo. Komai ya ɗauke ɗif. Ba zazzaɓi ba ne, ƙwaƙwalwar ce. Na ga wadda aka yi wa haka, ba ta sake tashi ba. Wallahi ni ma da ni ce a barandar, almakashin zan fara ɗaukewa.

Kuma ina son mutumin nan, a lokacin na san iyakar yadda nake son sa. An ce masa matar da zai aura kanta ba daidai ba, bai nemi kwana ɗaya na tunani ba, ya tsaya a kan tudu cikin daji ya zubar da gaskiyar da ya tara a wajen uwarsa tun yana yaro, don ya rufa min asiri. Asirin da babu shi.

Na kira shi, ba ta shiga. Na sake, ba ta shiga. Ya sauka daga tudun. Na fara rubuta, "Ba ni ba ce, kwamfuta ce," na tura, saƙon ya tsaya bai tafi ba. Ina cikin zagaye ɗaki ina ɗaga waya sama kamar sabis ɗina ne matsalar, na ji sallama a falo. Muryar ba ta da ƙarfi, amma na gane ta.

Na fizgi doguwar riga mai ruwan ƙasa na zura a kan ta barci, na ɗaura ɗankwali a karkace, na fito. Umma tana zaune a hannun kujera idonta jawur, da alama yanzu Gwaggo ta gama faɗa mata. Gwaggo ta raɓe a bango tana murza bakin mayafi. A kan doguwar kujera kuwa ga Sista, farin gilashi a ido, jakar hannu baƙa a kan cinya, igiyar abin awon jini ta leƙo daga bakinta.

Na durƙusa. "Mama, ina wuni."

"Lafiya lau, ƴata. Ya jiki?"

Umma ta toshe baki da gefen zani. Na buɗe baki zan yi magana, Sista ta ɗaga hannu.

"Ba a nan ba. Mu je ɗakinki, ni da ke."

Ta shiga gabana, ta tsallake kwalaye, ta matsar da yadin ta zauna a bakin gado. Ta kama hannuna ta ɗora yatsu biyu a wuyansa tana kallon agogonta. Hannunta da ɗumi, ban zaci haka ba.

"Zuciyarki tana gudu," ta ce. "Kada ki ji tsoro na. Na ga irin wannan da yawa, kuma na ga waɗanda suka warke suka yi aure suka haihu. Ba don in kore ki na zo ba. Faɗa min, wane likita ne ya ce a sa wuta?"

Da ta zo da faɗa, wataƙila da na iya bin abin da Safiyo ya ce. Amma matar nan ta ɗauko jakarta ta tako har ɗakina don ta yi jinyata. Na kasa.

"Mama, ba likita ba ne. Ƙawata ce." Na nuna akwatin da ke haskawa a kan tebur. "Ƙwaƙwalwar da Gwaggo ta ji, ta wannan ce. Waɗancan sanduna biyun. Ita ke ɗaukewa in aiki ya yi nauyi, wutar da ke zuwa musu ce ta yi kaɗan. Na ƙara ɗazu, ta warke. Ni lafiyata ƙalau."

Ta juya ta dubi kwamfutar, ta daɗe tana kallon fankokin suna juyawa. Na jira ta yi dariya, ko murmushi ne, in samu in numfasa. Ta saki hannuna a hankali, ta tura igiyar abin awon cikin jaka, ta ja zif.

"Alhamdulillahi," ta ce. "Na yarda da ke, idonki ba na marar lafiya ba ne, na marar barci ne." Ta cire gilashin ta riƙe a hannu. "To, in ciwon na akwatin nan ne, wane ciwo ne ɗana ya ce kin faɗa masa da bakinki tun farko?"

A daidai lokacin wayar da ke kan gado tsakaninmu ta kawo haske, sunansa ya fito a kai. Sista ta dube ta, ta dube ni, ta turo min ita da yatsa ɗaya.

"Ɗauka, ki buɗe murya yadda zan ji," ta ce. "Kada ki ce masa ina nan."